Aska takwas a jikin adire

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya haura shekara arba'in yana ɗinkin hannu a wata rumfa da ke kusa da layin dogo a Agege. Daga birnin Zariya ya taho da sana'ar, kuma har yau da alƙalami da tawada yake zana aiki a ƙirjin riga kafin ya sa allura. Bara, bayan Babbar Sallah, wata Bayarabiya ta zo masa daga Lekki da adire, wato rinannen yadin Yarbawa, mai duhun shuɗi, faɗinsa ya kai tabarma biyu. Ta ce ba riga take so ba. So take ya yi mata aska takwas da tambari a tsakiyar yadin da farin zare, irin wanda ake yi wa babbar riga. Kawu ya jujjuya yadin, ya shinshina don ya ji ko rinin gaske ne, sannan ya ce, "Madam, wa zai sa?" Ta ce ba mai sawa, a bango za a rataye shi.

Mako bakwai ya yi a kai. Da yake tawada ba ta fita a kan shuɗi, da alli ya zana, kullum da safe sai ya sake bin layin da gumin hannunsa ya goge jiya. Na sha zuwa bayan la'asar in same shi ya ɗora yadin a gwiwa, tabarau a karan hanci, yana cike cikin askar da 'yan ƙananan idanu. Kowane ido sai an huda an zagaye shi da zare, ɗaruruwa a jere, ba wanda ya fi ɗan'uwansa girma. In jirgi ya zo wucewa rumfar ta ɗauki rawa, sai ya tsayar da allurar a sama har ƙarar ta lafa.

Da aka buɗe baje kolin da aka nuna aikin a Victoria Island matar ta aiko mana da gayyata. Kawu ya ce shi da gadar Third Mainland sai in ta zama dole, don haka ni na je. Ina shiga zauren na hango shi, shi kaɗai a farin bango, fitila ta haske shi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Farar askar Zariya ta kwanta a kan shuɗin Abekuta kamar tare aka haife su. Mutane na tsaye suna ɗaukar hoto, wasu na matsowa har numfashinsu na taɓa zaren. Na duba ɗan katin da aka manna a gefe. Ga sunan matar, ga shekara, ga bayanin cewa aikin yana magana ne a kan mutumin da ya tashi tsakanin al'adu fiye da ɗaya. A can ƙasa an rubuta cewa ɗinkin hannu ne na Arewacin Najeriya. Sunan Kawu babu shi.

Ba zan ɗora wa matar laifin da ba nata ba. Abin da Kawu ya yanka mata shi ta biya, ba ta taya ba, abin da alhazanmu da yawa ba sa yi. Tunanin haɗa kayan biyu ma nata ne, kuma tunani ne mai kyau. Amma na fito daga zauren nan da wani abu tokare a ƙirjina. Ana ta zancen ko mu su waye a ƙasar nan, ana yin zancen da yadi da zare da rini, hannunmu na cikin aikin dumu-dumu, bakinmu kuwa ba ya cikin zancen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mun san wannan tun da. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin laifin namu ne.

Wanda bai saba leƙa irin waɗannan wurare ba zai yi mamakin yadda tufa ta zama harshen masu fasahar zamani. Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya kuma girma a nan Legas, da atamfa ya yi suna a duniya. A 2010 ya kafa wani jirgin ruwa cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan, filafilan jirgin duk na atamfa. Da gangan ya zaɓi atamfa, don ya san tarihinta. Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin kakin zuma na mutanen Indunusiya, suka mayar da shi aikin inji, kasuwar can ba ta karɓa sosai ba, matan Afirka ta Yamma suka karɓe. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond tun 1846 yake, kuma shi ne mai Holan ɗin da iyayenmu mata ke ɓoyewa a ƙasan akwati. Abin da kowa ke rantsuwa shi ne tufar Afirka ta asali, sai ga shi ya ratsa nahiya uku kafin ya iso kasuwar Balogun da Kantin Kwari. Shonibare bai ce don haka atamfa ba tamu ba ce. Tambaya ya ajiye mana: mene ne asalin, in har wannan ba shi ba ne?

Akwai wasu da dama. Marcellina Akpojotor tana bin teloli a Legas tana kwashe ƙyallayen atamfa da za a zubar, tana manna su ɗaya bayan ɗaya har su zama fuskokin mata da 'ya'yansu. Mama Nike Okundaye, 'yar Ogidi a jihar Kogi, ta ɗauki adiren da ta koya a hannun tsofaffin gidansu ta kai shi duniya, ta koyar da mata masu yawa, ta buɗe katafaren gidanta na baje koli a Lekki a 2009. A Mali, Abdoulaye Konaté yana yayyanka rinanniyar shadda, irin wadda muke kira galila, yana jera ta sala-sala har ta rufe bango guda. Kenneth Ize, mai tsara tufafi, ya kai saƙar ashoke ta Ilori dandalin nuna tufafi na Paris a 2020. Tun 2016 kuma ake yin baje kolin fasaha na Art X a nan Legas duk shekara, masu saye na zuwa daga ƙasashe.

In ka kawo wannan zance a majalisarmu ta Agege ko Idi-Araba, amsar da za ka fi ji ita ce, "Wannan ai harkar Yarbawa ce da Turawa, ina ruwanmu." Wani dattijo da nake ganin girmansa, da na nuna masa hoton aikin Kawu a waya, cewa ya yi an wulaƙanta aska takwas. Ado ne na sarakuna da malamai, in ji shi, an ɗauke shi an ɗora a zanen mata, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Na ji maganarsa, na kuma san inda ta fito. Mu da aka haifa a Ikko mun girma da tsoron nan. A makarantar boko aboki ake ce mana. In aka kai mu Kano hutu, 'yan Kurmi ne mu, Hausarmu ta karye, mun fi son amala da ewedu a kan tuwo da miyar kuka. Iyayenmu sun ga haka, suka ƙara ƙanƙame duk abin da suke ganin shi ne na gida, don kada yaran su narke a bar su ba tsuntsu ba tarko. Wanda ke zaune a bakin teku dole ya riƙa duba katangarsa. Sai dai ina ganin mun yi kuskure wajen gane abin da muke karewa.

A adakar mahaifina akwai wata riga da ya gada daga kakanmu, wanda fataucin goro ya kawo shi Agege a zamanin da jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Legas da Kano, abin da ya tabbata tun 1912. Sau biyu a shekara ake fito da ita, a shanya ta a inuwa, a mayar. Tana da nauyi kamar bargo, tana ƙamshin baba da kafur. Baba yana kiranta girken Nufe, ban taɓa tsayawa na saurari sunan da kyau ba sai da na girma. Nufe. Rigar da muke nunawa a matsayin tutar Hausantakarmu, sunan wasu mutane take ɗauke da shi. Haka abin yake kuwa. A zamanin daular Sakkwato, masaƙan Bidda da na Ilori suna cikin waɗanda suka fi kowa iya saƙar manyan riguna. Banufe ko Bayarabe ya saƙa, malami ya zana aikin da tawadar da yake rubuta allo, wani ya ɗinka, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi, sarki ya ba da ita kyauta ga wanda ya ga dama. Riga ɗaya takan bi ta hannun ƙabila uku kafin ta hau wuyan mai ita.

Yadin rigar saƙi ne, baƙin shuɗi mai ɗige-ɗigen fari kamar gashin zabo. Yarbawa suna da irinsa sak a cikin ashokensu, suna kiransa etu, wato zabo a harshensu. In ka ɗaga gindin rigar za ka ga shafinta na jan alharini. Wannan siliki ne da ake ɗaukowa daga bakin Bahar Rum, raƙuma su ratso hamada da shi zuwa Kano, fatake su gangaro da shi kudu. Da ya iso ƙasar Yarbawa sunan ya lanƙwashe a bakinsu ya zama alaari, yau kuma yana cikin manyan ashoke uku da Bayarabe ke ji da su ranar biki. Na ukun shi ne sanyan, silikin daji mai ruwan ƙasa, wanda mu muke kira tsamiya. 'Yar rigar nan da muke ce wa 'yar ciki ko ɗan ciki, ita ce ta zama dansiki a Yarbanci, ta haye teku ta zama dashiki a bakin baƙaƙen fatar Amurka. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne tufar garin, yadda ake saƙa ta a rina ta a kai har Tumbuktu da Tarabulus. Kakanninmu da suka yi wannan ba masu tsoron cuɗanya ba ne. Da ita suka yi arziki.

Yau ma ba ta canza zani ba. Buɗe akwatin lefen kowace amarya a Agege ko a Kano ka ƙirga ƙasashen da ke ciki. Gezna daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take zuwa, leshi mai tsada ma yawanci daga can yankin ne ko daga Suwizalan. Lafaya ta shigo mana ta Barno. Hular da ango zai kafa Zanna Bukar ce, sunan Babarbare. Ƙawaye za su fito da anko, amarya ta ɗaura gwaggwaron ashoke ranar dina, duka biyun daga maƙwabtanmu na nan muka gani muka ɗauka. Ba wanda ya ce bikin ya daina zama na Hausawa. To don me sai da aska takwas ta sauka a kan adire muka tuna da zanen aro? Abin da ka karɓa ka sarrafa da hannunka shekara ɗari, ka haifi 'ya'ya a cikinsa, ka binne iyaye, ya tashi daga aro.

Wannan ne ya sa nake ganin yaron da aka haifa a Agege, mai jin Hausa da Yarbanci da Turancin titi, ba ragaggen Bahaushe ba ne. Ya fi kowa kama da rigar kakansa. Kuma ba jiya muka zo garin nan ba. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Legas, wadda daga cikinta sojan Najeriya ya samo tushe. Muna da abin faɗa a kan zama tsakanin al'adu wanda ba kowa ke da shi ba, muna kuma da allurar faɗarsa.

Ban ce duk cuɗanya alheri ba ce. Akwai wadda take cinye mai ƙaramin ƙarfi. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, amma ramukan da ake rini a cikinsu yau ba su kai waɗanda suka bushe yawa ba. Masaƙar KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, a nan Legas kuma in ka ce Aswani yaran yanzu kasuwar Talata kawai suka sani, ba su san masaƙa ce ta ba wurin suna ba. Matan Itoku a Abekuta, masu zana adire da kullun rogo da gashin kaza, suna kuka da adiren inji da ake bugowa daga Chaina ana sayarwa da araha. Mu ma injin surfani mai kwamfuta yana fitar da aska takwas kafin azahar, abin da Kawu zai yi wata biyu yana yi. Wannan shi ne abokin gabar, kuma ba ya tambayar ƙabilar wanda zai kashe wa sana'a. Marinin Kano da ke tsoma yadi a rami da baba da toka da katsi, da Bayarabiyar da ke tsoma nata a tukunya da elu, wato irin nasu baban, jirgi ɗaya ne ya ɗauko su. Matar nan ta Lekki, ko me za a ce, aikin hannu ta nema, ta kuma biya kuɗin aikin hannu. A shekarar nan kaf ba a kawo wa Kawu babbar riga ta ɗinkin hannu ta wuce uku ba.

Ba na kuma yaudarar kaina cewa yadi zai sasanta mutane. Haɗa zare da zare ya fi haɗa zuciya da zuciya sauƙi nesa ba kusa ba. Ina da wayo lokacin rikicin Idi-Araba a 2002, na ga 'yan'uwanmu sun kwana a barikin soja da 'yan ƙullin kayansu. An sake yi a Mile 12 a 2016. Mutum zai iya tsayawa gaban aikin Kawu ya yaba, ya fito waje ya daka wa mai gadin wurin tsawa ya kira shi aboki da wata irin murya da duk mun santa. Shi ya sa batun suna ya tsaya mini a rai. In katin ya ce Arewacin Najeriya, mai kallo zai tafi da tunanin wata ƙasa mai nisa mai raƙuma da rawuna. In ya ce wane ɗan wane, mai ɗinki a Agege, dole ya san cewa mai wannan hannun maƙwabcinsa ne, motar haya ɗaya suke shiga, ruwa ɗaya ke cin gidajensu da damina. Mutumin da ka san sunansa da aikinsa ya fi wuyar rainawa.

To amma wa ya fara ɓoye sunan? Mu ne. Na tambayi Baba wa ya ɗinka rigar kakanmu, bai sani ba, shi ma kakan da wuya in ya sani. Mun san sarkin da ya sa riga, mun san attajirin da ya saya, mai ɗinkin kuwa sai dai a ce "wani mutumin Zariya." Mun ɗauki masu rini da saƙa da ɗinki a matsayin mutanen da ake aika wa yaro da saƙo. Alhajin da zai sayi gezna ta dubban ɗaruruwa bai ce uffan ba, shi ne zai zauna yana taya aikin hannu kamar yana cinikin tumatir a Mile 12. 'Ya'yan Kawu maza sun ga haka da idonsu, ɗaya ya kama sayar da waya, ɗaya yana tuƙa Keke, ba wanda ya ɗauki allura. Ban ga laifinsu ba.

Wasu za su kawo batun addini, su ce harkar masu fasaha ba ta rabuwa da gumaka da surar mutane. Wanda yake da wannan damuwar, fasahar tufa ce ta fi kowacce kusa da shi. Babu sura a aska takwas, babu a tambari, babu a dagi. Lissafi ne da layi da daidaito, 'yan'uwan zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani da adon da magina ke yi a fuskar soro. Abin da Konaté ke yi da shadda a Bamako, galibinsa launi ne da tsari da alama, kuma manyan gidajen adana fasaha na duniya suna nemansa. Ba abin da zai hana yarinyar da ta tashi a Alaba Rago tana kallon kakarta na ɗinkin hula ta yi irinsa da nata kayan, ta faɗi nata labarin, na ruwan lagun da ƙurar Arewa da ta gani a hanya duk Sallah.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Masu shirya baje koli a garin nan su mayar da shi ƙa'ida, duk hannun da ya taɓa aiki a rubuta sunan mai shi, marini ne ko masaƙi ko mai ɗinki. Sarakunan Hausawa na unguwanninmu da attajiranmu na canji da na shanu da na gwari, waɗanda ba sa ƙyashin kashe kuɗi a bikin naɗin sarauta, su ware ko ɗaki ɗaya ne a Agege inda tsofaffin masu ɗinki za su zauna da yara, a biya su kuɗin koyarwa, a rataye tsofaffin riguna da bayanin inda kowane zare ya fito. Matasanmu masu karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba da jami'ar Legas kuma su daina jin kunyar kayan gida. Su shiga waɗannan zaurukan a matsayin masu aikin, da sunansu a saman kati.

Watan jiya matar ta dawo da wani yadin, wannan karon kamfala mai ruwan goro. Kafin ta zo na yi ta fama da Kawu a kan ya yi mata maganar suna. Cewa yake, "Ɗan nan, ai ta biya ni haƙƙina. Wanda ya san aiki in ya gani ya san hannuna ne." Na ce, "Kawu, waɗanda suka san hannunka saura nawa?" Ya yi shiru, bai ba ni amsa ba. Da ta zo ni na yi maganar a gabansa, yana ta sunkuyar da kai. Ta ɗan yi jim, ta ce ba ta taɓa zaton zai so ba, don duk masu ɗinkin da ta yi hulɗa da su ba wanda ya taɓa nema. Ta ce za ta sa a kati, kuma in ya yarda ya ɗinka sunan da kansa a kusurwar yadin.

Ya yarda, da sharaɗin da ajami zai rubuta. Shekaranjiya na biya ta rumfar na tarar ya gama sunansa da na mahaifinsa, ƙanana, da zare mai ruwan tsamiya. A gaban sunan ya ja ɗan layi da alli ya bar gurbi. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na gari ne. Ya ce a Zariya aka yanke masa cibiya, a can ya koyi riƙon allura, amma shekarunsa a Agege sun ninka waɗanda ya yi a can, a nan ya binne matarsa ta fari, a nan jikokinsa suke. Ya ɗauki allin ya auna gurbin da ɗan yatsa, ya ce in ya matse rubutun, yana jin zai ɗauki duka biyun.